Gonar Gayyar da Ta Kai Ka Zariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga mahaifinka Sule zuwa ga ɗana Ilu. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ka je. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na saka takardar a ƙasan akwatinka don na san ba za ka kai gare ta ba sai ka isa. Da ajami na rubuta, shi hannuna ya sani, kuma na san ba ka manta shi ba. Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ce da take cina tun ranar da ka dawo daga Kano, in na dube ka sai ta ƙi fita. Ka nemi inda babu hayaniya ka zauna, ka karanta har ƙarshe.

Ka san gyaɗar gayya ce ta yi maka sutura da akwati da littattafai da kuɗin mota, ita ce kuma za ta riƙe ka wannan shekara a kwalejin horon malamai. Amma lokacin da aka yi abin kana Kano kana ƙarasa makarantar Midil, kuma ko kana gari, yara ba sa zama a zauren Dagaci. Abin da ka ji gutsure ne. Ni zan ba ka shi yadda ya faru, har da inda na yi ba daidai ba, don kada ka ji shi a bakin wani.

Da bazarar bara ne hedimastan elementare ta Kiru, wanda ya fara koya maka boko, ya hau kekensa ya zo har ƙofar gida. Ya ce in ka ci jarrabawa akwai wuri a Zariya, hukuma za ta ɗauki karatu da abinci, sauran ɗawainiya kuwa ta iyaye ce. Na ce masa ba zai yiwu ba. Gwiwata ta fara ba ni wahala, ƙannenka ba su isa riƙe garma ba, kuma na riga na yi magana da wani a Riruwai za a ɗauke ka malamin awon kuza da zarar ka gama. Na gaji da jira, gaskiyar ke nan. Shekaru ina noma ni kaɗai ina cewa saura kaɗan.

Hedimasta bai yi musu da ni ba, sai ya wuce gidan Dagaci. Washegari aka aiko kirana. Na tarar da Dagaci da Liman, suka ce sun yi shawara, gari zai yi gayya a noma gyaɗa, abin da aka samu ya zama na karatunka. Ilu, ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban kai inda za a tara mini gari a ciyar da ɗana ba." Na tashi na fita ba tare da sallamar kirki ba, a gaban mutanen da suka girme ni.

Liman ne ya biyo ni gona. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana kallon sharar da nake yi, sannan ya tambaye ni ko na san inda ake kai takardar Hakimi idan ta zo da boko. Na ce garin Yako ake kai ta a karanta mana. Ya tambaye ni yara nawa ne a garin nan suke zama a aji yanzu ban da kai. Na ce babu. Ya ce, "Sule, ba kai ake taimako ba. Gari ne yake neman malaminsa, ya ga ɗanka ne ya fi kusa. Kai kuma ka tare hanya da girman kanka." Da la'asar na koma na durƙusa gaban Dagaci na ba da haƙuri.

To ka ji magana ta farko. Za ka zauna da 'ya'yan manya a can, waɗanda iyayensu suka yi musu komai ba tare da sun ji a jikinsu ba. Wata rana wani zai tambaye ka wa yake ɗaukar nauyinka. Kada ka yi ƙarya, kada ka kauce. Ka ce mutanen garinmu ne suka noma gyaɗa. In an yi dariya, a yi. Na ɗanɗana irin kunyar da za ta zo maka, kuma na gane ba kunya ba ce, girman kai ne kawai. Saura kaɗan ya sa ka ƙare a bakin ramin kuza.

Da aka tara magidanta a faɗa musu, ba kowa ya yarda ba. Wanda ya fi tsayawa shi ne Malam Barau, kuma kada ka taɓa ɗaukarsa mugu. Yana da dalili. Autan gidansu an ɗauke shi boko tun kafin a haife ka, ya samu aikin jirgin ƙasa can kudu, mahaifiyarsu ta yi ciwo ta rasu tana kiran sunansa, bai zo ba sai bayan arba'in, ya kwana ɗaya ya koma. Barau ya ce shi ya ga abin da boko take yi, ɗaukar ɗa take yi ba ta mayarwa, ba zai zuba guminsa a yi wa wani gari malami ba. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Na ɗauka magana ta mutu.

Sai ƙanensa Audu ya tashi. Ka san halin Baba Audu, duk inda yake sai an ji muryarsa, kowa abokin wasansa ne. Ya ce shi yana da saura a gindin dutse, rabonsa na gado, ta daɗe ba a taɓa ta ba, ya ba da ita a noma. Ya ce wanda ya ga dama ya zo, wanda bai ga dama ba ya zauna a gida ya taya matan gida daka. Aka yi dariya, Barau bai yi ba. A kan haka aka tashi, kowace Asabar ta zama ranar gonar gindin dutse.

Da na koma gida na ce wa innarka kada ta sa rai, wannan aikin Audu ne, mai yawan baki, kafin a gama noman farko zai gaji ya kama wani wasan. Haka na ɗauke shi tun muna samari. A raina mutumin kirki shi ne mai shiru mai ɗaure fuska.

An yi shuka, ta fito da kyau. Sai ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina har dawa ta fara naɗe ganye. Da ya dawo kuwa, ya dawo da ciyawa, kowa ya ruga gonarsa, kuma ba a ga laifin kowa ba, don wanda bai yi maimai a makon nan ba ya san abin da zai tarar a rumbunsa. Asabar ta zo, na je gindin dutse da gwiwata mai ciwo, na tarar da mutum ɗaya yana ta noma shi kaɗai. Audu ne. Tasa dawar tana can cikin ciyawa. Da yamma ya bi gida gida yana tsokanar samari, wannan ya ce masa rago, wancan ya ce zai gaya wa budurwarsa, har suka fito don kunya. Asabar ta gaba gonar ta cika da mutane.

Wannan ita ce ta biyu. Na yi shekara da shekaru ina zaune da mutum ban san shi ba, don na yanke masa hukunci da jin muryarsa. A kwaleji za ka ga masu surutu da masu shiru, masu tsafta da ƙazamai, mutanen Katsina da na Bauci da waɗanda ba addininku ɗaya ba. Kada ka yi saurin cewa wannan na kirki ne, wancan na banza. Ka jira ranar da abu ya yi tsanani ka ga wa ya tsaya.

Ka san Audu ya rasu, ka je ka yi ta'aziyya da ka dawo. Ka san maciji ne. Ga yadda aka yi.

Gyaɗa ta yi kyau fiye da yadda muka zata. Aka cire ta aka tara tsibi tsibi ta sha iska. Ranar da za a fara kwasa, da hantsi, Audu ya sa hannu ƙarƙashin wani tsibi zai ɗaga, kububuwa ta sare shi a bayan hannu. Ina kusa da shi. Ya yarfe hannun ya ce ba komai, har yana cewa a kashe ta a ba Liman ya yi layya. Muka ɗaure masa damtse, aka kira mai magani ya yi abin da ya sani. Ya kwana yana magana da mutane. Washegari jini ya fara fita daga dasashinsa, hannun ya kumbura har kafaɗa. Muka ɗora shi a gadon kara, samari suna karɓa-karɓa, muka nufi Kwanar Dangora don mu sami motar da za ta kai shi asibiti a Kano.

Motar da za ta ɗauke shi ba ta zo ba. Ɗaya ta wuce maƙare da buhuna, direban ya tsaya ya duba, babu inda za a kwantar da mutum. Muka ajiye shi a gindin tsamiyar nan ta bakin hanya, inda ni da kai za mu tsaya jiran motarka, don babu wata inuwar a wurin. In ka ga na kasa magana a can, dalilin ke nan. Barau yana riƙe da kan ƙanensa. Can Audu ya buɗe ido ya neme ni, ya ce, "Malam Sule, a kwashe gyaɗar nan kafin shanu su sauko." Bai sake wata magana ba sai salati. Kafin la'asar ya cika. Da gadon da muka kai shi muka dawo da shi.

Ya bar matarsa Hanne da yara ƙanana da dawa a gona ba a yanka ba.

Daga ranar babu wanda ya ƙara taka gonar gindin dutse. Wasu suka ce wurin yana da mutanen ɓoye, shi ya sa iyayen Audu suka bar shi saura. Wasu suka ce tun farko aikin ba shi da albarka. Innarka in ta shiga gidan ta'aziyya sai mata su yi shiru. Ni kuma a masallaci sai in ga sahu ya ɗan buɗe a gefena. Babu wanda ya ce mini komai, kuma da an faɗa da ya fi mini sauƙi. Gyaɗa tana can a tsibi, gara ta fara shiga ta ƙasa, Fulani sun sauko da shanu suna jiran a buɗe musu gonaki. Ardonsu ya aiko wa Dagaci cewa zai riƙe shanunsa nesa da dutsen saboda mamacin, amma ba zai iya riƙe su har abada ba.

Bayan sadakar bakwai Dagaci ya tara magidanta. Zauren ya cika har waje. Barau ya fara magana, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce gonar ta ƙanensa ce, gumin da ya fi yawa a cikinta na ƙanensa ne, ransa ma a cikinta ya fita. Ya ce ga marayu a gida. Ya tambayi jama'a da wane ido za a ɗauki gyaɗar nan a kai Zariya a saya wa ɗan wani takalmi, 'ya'yan mai gonar suna kallo.

Ilu, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Na tashi na ce na yarda, a ba marayu, ɗana ya tafi Riruwai yadda na tsara tun farko. Sai samarin da suka yi noman suka ce ba su yarda ba, su ba don wannan suka bar gonakinsu ba, in an ba marayu sun ji daɗi amma alkawarin da aka yi fa? Wani daga dangin Barau ya ce wa ɗayansu mara imani. Suka miƙe wa juna. Dagaci yana tsawa ba a jinsa, Liman ya shiga tsakani har rawaninsa ya warware. Ban taɓa ganin garinmu haka ba, kuma duk a kan ɗana.

Ana cikin haka Goggo Tabawa ta yi sallama daga ƙofar zaure. Ka san tsufanta ya kai ta shiga inda mata ba sa shiga. Ta ce Hanne ce ta aiko ta, don tana takaba ba ta fita. Ta ce Hanne ta ce ita ta san mijinta, ta san abin da yake faɗa in ya dawo daga gindin dutse, ba don rumbunsa ya yi wannan noman ba. Ta ce in gari yana tausayin marayu, ga dawarsu can tsaye, a yi gayya a yanke musu, a kuma riƙa tuna su da damina. Gyaɗa kuwa ta tafi inda mai ita ya nufa da ita. Sai dai ta roƙi abu ɗaya, kada a kira gonar da sunan Ilu. A bar ta ta gari, in ya gama a noma wa wani yaron, har Allah Ya sa wata rana a kai kan nata.

Barau ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago, ni ya duba, ba Dagaci ba.

Ya ce, "Sule, zai dawo?"

Na ce, "In Allah Ya yarda."

Ya ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Mu ma haka muka ce da aka ɗauki namu. Zai dawo ya koyar a ƙasar nan, ko kuwa ƙanena ya mutu ne don a yi wa birni ma'aikaci?"

Duk zauren ni ake kallo. Na san in na yi jinkiri an tashi ke nan, gyaɗa ta ruɓe, gari ya rabu biyu. Na ce, "Wallahi zai dawo." Barau ya ce jama'a su shaida. Ya tashi ya fita. Washegari aka kwashe gyaɗar, mata suka ɓare ta, mako na gaba aka yanke dawar marayu. Barau ya zo yankan dawa, bai zo kwasar gyaɗa ba.

Wannan ita ce ta uku, kuma ita ta hana ni barci. Na yi rantsuwa a kan abin da ba a hannuna yake ba. Ban tambaye ka ba. Ban san abin da ke ranka ba, ban san abin da Zariya za ta nuna maka ba, ban san inda hukuma za ta tura ka in ka gama ba, ban ma san ko za mu kai lokacin ba. Tsoro ne ya sa ni, da ganin gari zai watse. Kai kada ka yi irin wannan. Kada ka ɗauki alkawari da bakin wani, kada kuma ka rantse don kawai idanu sun yi maka yawa. Ka ce a ba ka lokaci, ko da za a ce ka ji tsoro.

Ba na rubuto don in ɗaure ka ba ne. Na je wurin Liman na tambaya, ya ce rantsuwar tawa ce, ba ta hau kanka ba, in ta karye ni zan yi kaffara. Zan iya yin azumin. Amma azumi ba zai gyara tsakanina da Barau ba, kuma ba zai sa a sake noma wa wani yaro gona a garin nan ba. Abin da nake so ka gane ke nan. Ba a yanke cewa za a yi gayya ta gaba ba, an ce sai an ga yadda ka kasance. Akwai masu jiran ka faɗi don su ce sun faɗa, akwai masu jiran ka yi kyau don su fitar da nasu 'ya'yan. In ka lalace, ba kai kaɗai ka lalace ba, an rufe hanyar ke nan, kuma waɗanda ke bayanka ba su yi laifin komai ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Ka riƙe sallah a kan lokaci ko da kai kaɗai ne a ɗakin. Ka yi karatu kamar mai noma a makon da ruwa ya dawo. Ka riƙa rubuto wa Dagaci, ba ni kaɗai ba, da Hausa mai sauƙi wadda za a karanta a zaure kowa ya gane, ka faɗi abin da kake koya, har da wanda ya ba ka wuya. In ka faɗi wata jarrabawa ka faɗa da bakinka kafin a ji a wani wuri. In an yi hutu ka zo gida, ka cire takalmi ka ɗauki fartanya, ka fara da gonar marayun Audu kafin tawa. Kada ka yi wa kowa Turanci a garin nan. Kuma in wata rana ka ji zuciyarka ta juya, ka ga ba za ka iya dawowa ba, kada ka yi shiru ka ɓace kamar yadda autan su Barau ya yi. Ka zo da ƙafarka ka zauna a zauren nan ka faɗa. Za a ji zafi, ni ma zan ji, amma zan zauna kusa da kai.

Na san da ka je yi wa Baba Barau sallama bai fito ba, aka ce maka yana barci. Ba barci yake ba. Yana cikin zaure, ya ji muryarka. Tun ranar taron nan in na gaishe shi da ka yake amsawa. Kada ka riƙe shi a zuciya. Mutum ne da ya rasa ƙane biyu, ɗaya yana raye ɗaya yana ƙasa, kuma a ganinsa hanya ɗaya ce ta ci su. Duk hutun da ka zo, bayan ka gaida innarka, gidansa za ka fara zuwa. In bai fito ba ka gaida mutanen gidan ka tafi. Hutu na gaba ka koma. Ba na sa ran zai sake da wuri, mai yiwuwa sai ranar da ya ga ka tsaya gaban allo a ƙasar nan da yaran garinmu a zaune. Ina roƙon Allah Ya bar mu ni da shi mu ga ranar.

Allah Ya jiƙan Audu, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya saka wa duk wanda ya sunkuya a gonar nan, da wanda ya ƙi sunkuyawa saboda ciwon da ke ransa. Kai kuma Allah Ya tsare ka a kwance da tsaye, Ya buɗe maka kai, Ya raba ka da mugun aboki da ciwon baƙon wuri, Ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duk abin da ka taɓa yi mini. Kai ma ka yafe mini bakin da na ara ban tambaye ka ba.

Wassalam. Mahaifinka, Sule.